Atishawar ƙurar fure da toshewar kunne wajen sauka: wane feshi zan iya tashi da shi?

Assalamu alaikum, kyaftin-kyaftin da likitocin ma'aikatan jirgi. Ina tuƙa jirgin sama daga Kaduna. Duk ƙarshen damina, da ciyawa ta fara fure, sai atishawa, ƙaiƙayin ido da yoyon hanci su taso ni gaba har shigowar hunturu.

Ina shan loratadine 10 mg kullum da safe, mako uku ke nan. Atishawa ta lafa, amma toshewar hanci tana nan daram. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kunnen dama: da mun fara gangarowa sai ya ɗauke, in matse hanci in hura, ya ƙi buɗewa, zafin har cikin muƙamuƙi.

Piriton ko kusa ban taɓa shi ba, don yana sa barci. Na gwada feshin hanci na oxymetazoline kwana biyar, da na daina sai hancin ya toshe fiye da dā. Wanke hanci da ruwan gishiri kuwa sauƙinsa bai wuce awa ɗaya ba.

In na koma feshin fluticasone haɗe da loratadine, kwana nawa zan gwada shi a ƙasa kafin likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi ya bar ni in tashi? Na gode.