Shawarwarin da aka ba mai son aikin jinya a makaranta

A wata tattaunawa da muka yi a Tawa da tsofaffin ma'aikatan jinya, kan wata ɗaliba mai son kama aiki a ɗakin shan magani na makaranta, shawarar farko ita ce ta sami takardar shaida daga makarantar kiwon lafiya da gwamnati ta amince da ita, irin su ENSP ta Yamai ko ta Damagaram.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun lura da yara. Da damina, yaron da ya kifa kai a kan tebur, jikinsa zafi rau, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a ba shi magani. Da rani kuwa, idan zazzaɓi ya zo da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a garzaya da shi asibiti, domin sanƙarau ba ya jira. An kuma ce ɗalibar ta riƙe sunayen masu sikila da asma da farfaɗiya, tare da lambobin iyayensu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar riƙon amana, domin yarinyar da ta fara al'ada tana cikin aji ba za ta sake zuwa ba muddin ta ji zancenta ya fita waje.