Sharaɓa: Kullum Za A Yi Mata Aiki, Ko Sau Biyu A Mako Ya Isa?

Auta: Assalamu alaikum yayyena. Ƙirji da damtse da cinya duk sun fara amsawa, amma sharaɓata tana nan yadda na zo da ita. Ranar aikin ƙafa a gidan ɗaga ƙarfe kawai nake taɓa ta, seti 3 (wato zagaye 3 na ɗagawa, da hutu a tsakani) in zan tashi. Jiya Babban Yaya ya ce mini sharaɓa ba ta girma sai an yi mata aiki kullum. Haka ne?

Babban Yaya: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Sharaɓa ba irin ƙirji ba ce. Tun ranar da ka fara tafiya take ɗauke da kai: masallaci, kasuwa, hawa bene, saukowa. Tsokar da ta saba da wahala haka, ka zo mata da seti 3 ranar Asabar, ai ko a jikinta. Kwana 6 a mako, ka huta Juma'a. Arnold Schwarzenegger ma da siraran ƙafafu ya fara. Sai da ya je wurin Reg Park, wani gwarzon masu gina jiki, a Afirka ta Kudu ya ga irin nauyin da mutumin yake ɗagawa da sharaɓa, ya dawo ya datse wandunan atisayensa daga gwiwa don kowa ya riƙa ganin abin kunyar, ya kama yi mata aiki kusan kullum. Sau 7 ya ci Mista Olympia, babbar gasar masu gina jiki ta duniya. Wa zai ja?

Koci: Ni zan ja, Yaya. In dai sunan manya ne hujja, ga Dorian Yates na Ingila. Sau 6 ya ci gasar a jere, daga 1992 zuwa 1997, kuma sharaɓarsa na cikin waɗanda har yau ake kwatance da su. Kusan sau ɗaya a mako yake taɓa ta: ya ɗumama, ya yi seti ɗaya mai tsanani na ɗage a tsaye, ɗaya a zaune, ya kama gabansa. To wanne za mu bi? Kuma kar mu manta da abin da ba a son faɗa a wurin ɗaga ƙarfe. Arnold da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara tsoka a zamaninsa, Yates ma bai ɓoye ba. Saurin farfaɗowar jikinsu daban ne da na Auta da ke dogaro da wake da ƙwai.

Kawu: Ku dai kuna wahalar da yaro. Sharaɓa gado ce. Ku tsaya bakin titi ku kalli 'yan ga-ruwa: kura ɗaya suke turawa, hanya ɗaya, rana ɗaya. Wani sharaɓarsa cike har kusa da idon sawu, wani kuma 'yar dunƙule ce can sama kusa da gwiwa. Ba wanda ya taɓa shiga gidan ɗaga ƙarfe a cikinsu.

Babban Yaya: Yauwa Kawu, ai ka taya ni. Kullum suke aikin, shi ya sa.

Koci: Bai taya ka ba, Yaya. Da kullum ne maganin, da dukansu sun samu.

Likita: Ku ba ni dama, na ga hira ta zo unguwarmu ta masu gashin ƙashi. Abin da muke kira sharaɓa tsoka biyu ce. Akwai ta waje mai kai biyu, wadda ake gani in mutum ya yi ɗage. Ita daga saman gwiwa ta taso, daga ƙashin cinya. Akwai kuma ta ƙarƙashinta, mai faɗi, wadda ta taso daga ƙasan gwiwa. Su biyun sun haɗu a agara, agara ta kama dunduniya. Maganar Kawu tana da tushe a nan: wani agararsa doguwa ce, naman gajere, wani naman ne dogo. Wannan ba atisayen da zai canza shi. Kauri kuwa yana ƙaruwa a wurin kowa, sai dai wani ya fi wani.

Maganar Yaya kuma, gaskiya ne ta cikin mafi yawan zarenta na juriya ne, ba ta saurin gajiya, kuma tana saurin dawowa daidai. Wannan na nufin za ta iya ɗaukar aiki akai-akai. Ba ya nufin sai da haka za ta girma.

Babban Yaya: Likita, ranka ya daɗe, ka fito fili. Kullum ko ba kullum ba?

Likita: Brad Schoenfeld da abokan aikinsa a Amurka sun tattara binciken da aka yi a kan wannan tambayar har sau biyu. A 2016 suka ce taɓa tsoka sau biyu a mako ya fi sau ɗaya. A 2019 da suka sake dubawa da ƙarin bincike, sai suka ga in dai jimillar aikin mako ɗaya ce, raba shi kwana biyu ko kwana shida bai kawo wani bambancin a-zo-a-gani ba. Wato seti 12 a mako seti 12 ne, ko ka yi 6 da 6, ko 4 sau uku, ko bibbiyu kwana shida.

Koci: Ka ji ko. Matsalar Auta ba kwanaki ba ce, seti 3 ne a mako gaba ɗaya, kuma a lokacin da ya riga ya gama galabaita da aikin cinya, hankalinsa na kan ruwan sanyi.

Babban Yaya: To ai ku ma kun dawo wurina ta bayan gida. Wa zai iya seti 12 na sharaɓa a zama ɗaya da ƙarfinsa? Daga seti na biyar wuta take kamawa, sauran duk na cika lissafi ne. Dole ka raba. In ka raba kuma, ga ka nan kana yi kusan kullum.

Koci: Wannan na yarda da rabinta. A raba, amma gida biyu ko uku ya wadatar. Na sha ganin masu cewa kullum suna yi, in ka tsaya ka kalle su, tsalle-tsalle kawai suke a kan inji, sau 50 cikin rabin minti. Mutum bai iya yin aiki mai tsanani kwana shida a jere a tsoka ɗaya, shi ya sa yake rage tsananin ba tare da ya sani ba.

Likita: Tsallen nan shi ne babban ɓarawon aikin, ya fi batun kwanaki muhimmanci a wurina. Agara tana ajiye ƙarfi in ta miƙe, ta mayar da shi nan take, da haka muke gudu ba mu gaji da wuri ba. In ka sauka da sauri ka taso da sauri, agara ce ta ɗaga nauyin, naman ya samu hutu. Ka sauke dunduniya ƙasa sosai a bakin matakala, ka tsaya daƙiƙa 2 har ka ji tana ja, sannan ka taso. Nauyin da kake alfahari da shi zai ragu, kar ka damu.

Akwai bincike biyu na 2023 da suka shafi wannan kai tsaye. A Birazil, Kassiano da abokansa sun raba 'yan mata gida uku na mako 8: masu yin rabin ƙasa na ɗagen kawai, inda tsokar take a miƙe, masu yin cikakke, da masu yin rabin sama. Masu rabin ƙasa ne suka fi samun kauri, masu rabin sama suka zo na ƙarshe. A Japan kuma, Kinoshita da abokansa sun sa kowane mutum ya yi ƙafa ɗaya a tsaye, ɗayar a zaune, na mako 12. Tsokar waje ta girma sosai a ƙafar da aka yi a tsaye, a ta zaune kuwa kusan ba ta motsa ba, don lanƙwasa gwiwa yana sassauta ta. Ta cikin kuma kusan daidai ta samu a duka biyun. Sau 3 a mako aka yi na Birazil, sau 2 na Japan, kuma sharaɓa ta girma.

Auta: Likita, ni kuwa injin zaune nake hawa duk ranar ƙafa, don shi ne ba layi.

Kawu: Yanzu ka san dalilin da ya sa ba layi.

Babban Yaya: Amma Likita, waɗannan da aka gwada ai sababbin shiga ne, ko ba haka ba? Sabon shiga ko tsintsiya ya ɗaga sai ya ga canji. Ni maganata a kan wanda ya shekara yana fama ce, sharaɓa ta ƙi.

Likita: Haka ne, ba tsofaffin hannu aka gwada ba, wannan ƙorafin naka yana kan hanya. Wanda ya daɗe a harkar, ya gyara yadda yake yi, ya kai seti 12 zuwa 15 a mako amma shiru, ba laifi ya gwada kwana 4 ko 5 na ɗan lokaci. Abin da ba na so shi ne Auta ya tashi daga seti 3 a mako ya faɗa kwana 6 farat ɗaya. Nama yana saurin sabawa da sabon nauyi, agara ba ta da wannan saurin. Tsamin nama na kwana biyu ba komai ba ne. Amma in ka tashi da asuba ka taka ƙasa ka ji bayan dunduniya ya ƙage yana zafi, wannan agara ce take ƙara, ka rage aiki. Masu buga ƙwallo da yamma su ƙara kula, don su sun riga sun ba ta nata rabon a fili.

Auta: To nauyi fa? Yaya ya ce sai mai nauyi sosai, wani kuma ya ce sau 30 da mara nauyi.

Likita: Schoenfeld ya gwada wannan ma a 2020: ƙafa ɗaya da nauyin da ake iya ɗagawa sau 6 zuwa 10, ɗayar sau 20 zuwa 30. Girman ya zo kusan ɗaya. Sharaɗin shi ne ka kai inda ba ka iya ƙara ko ɗaya da kyau.

Koci: Auta, ga naka. Litinin, Laraba, Asabar. Seti 4 kowace rana, a tsaye, gwiwa a miƙe, kuma da ita za ka fara kafin ka taɓa komai. Ranar da ba ka samu zuwa ba, matakalar gida ta isa: ƙafa ɗaya, jarka da ruwa a hannu ɗaya, ɗayan hannun a bango. Ka samo tef ɗin tela ka auna yau da safe, ka rubuta, kar ka sake aunawa sai bayan wata 3.

Babban Yaya: Ni ban sauka ba fa. A ba ni yaron wata 3, a ba Koci wani, mu auna.

Kawu: In an ba ka mai gadon sharaɓa ka ce aikinka ne?

Likita: Kawu ya yi gaskiya, mutum biyu ba za su raba gardamar ba. Sai dai mutum ɗaya: ƙafar dama kwana 6 seti bibbiyu, ta hagu kwana 3 seti hurhuɗu, nauyi ɗaya, tef ɗaya.

Auta: Yayyena, wannan gwajin a ƙafar wa za a yi?

Koci: A ta Babban Yaya mana, shi ya kawo maganar.

Babban Yaya: Na yarda. Kawu ne zai riƙe tef, don ban amince da awon Koci ba. Litinin bayan la'asar.