Wane kaya zan dasa wa ɗan kutse a wasanmu?

MaiLabari_Nima:
Salamu alaikum 'yan uwa. Muna da wasan labari da muke yi da dais duk Asabar bayan la'asar, ni ke jan labarin, Accra ce amma a 2090, kamfanoni sun raba garin tsakaninsu. Matsalata ɗan kutse ne, wato wanda ke kutsa wa na'urori a cikin labarin. Yaron da ke riƙe da shi yana so a dasa masa cip a kai wanda zai buɗe kowace ƙofa da kowace kamara da tunani kawai, in na yarda sauran sun zama 'yan kallo, in na hana kuma ai ba ɗan kutse ba ne. Me zan ba shi, kuma me zai biya?

GyaranWaya_Circle:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba shi cip ɗin amma ka haɗa masa da zafi. Ƙwaƙwalwar mutum gaba ɗaya wajen wat 20 take ci, kuma duk wanda ya daɗe yana buga gem a waya ya san yadda take ɗaukar zafi, to ina ga abin da ke cikin ƙoƙon kai babu fanka babu iska. Duk kutse ɗaya a ƙara masa maki ɗaya na zafi, in ya kai 6 hanci ya fara haɓo, sai ya jefa dais kafin ya iya ko magana. Sannan soket a bayan kunne da kebul, wato dole ya taka da ƙafarsa har jikin na'urar, nan sauran za su samu aiki, wani ya tsare ƙofa wani ya jira da okada a waje. Batir ɗin a ƙirji, kuma chale kar ka cire dumso, wato ɗauke wutar lantarki, daga 2090.

YarMaamobi:
Yaya mai gyara ya yi daidai, amma ni abin da ya fi damuna ƙofar da yake fita ta nan ake shigo masa. Ba ƙirƙira ba ce, a 2017 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a yi wa na'urorin daidaita bugun zuciya wajen 465,000 sabuwar manhaja saboda ana iya kutsa musu. Dick Cheney ma, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, likitocinsa sun kashe wayales ɗin na'urar zuciyarsa a 2007 don tsoron haka. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Argus II, idon lantarki da aka dasa wa makafi sama da 350, kamfanin Second Sight ya daina yinsa a 2019, mutane suka rage da kaya a ido babu mai gyara musu. Saka wannan a wasan. Kaya iri biyu, na kamfani mai sauri amma suna ganin duk abin da ya gani kuma in bai biya kuɗin wata ba su kulle masa ido ɗaya, ko kuma hom yus da aka ciro daga kan wani, mai arha, ba mai bin sawunsa, sai dai lokaci lokaci tunanin tsohon mai shi yana faɗo masa. Kasuwar tsofaffin kayan ma tana nan, Agbogbloshie da aka rushe a 2021, ka ce ta dawo a ƙarƙashin ƙasa.

Kawu_SabonZongo:
'Ya'yana akwai abin da ba ku taɓo ba. In Musulmi ne ɗan kutsen nan, soket a bayan kunne yaya zai yi da shafar kunne wajen alwala, balle wankan tsarki? Ku yi masa murfin roba mai hana ruwa, ya zama kaya ne da ake saya kuma yana iya ɓata.

MaiLabari_Nima:
Kawu wannan murfin ya shiga jerin kaya yau ɗin nan. Anti na ɗauki hom yus ɗinki, cip ɗin na wata ma'aikaciyar banki ce da ta ɓace, fasawad ɗinta zai riƙa zuwa masa a mafarki. Yaya, zafin nan yaya yake sauka, awa nawa na hutu zai goge maki ɗaya?