Lambobin shafi sun rikice mini a Word

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta furojet ɗina na ƙarshe a fannin lantarki da Microsoft Word, shafi 64. Ana son shafukan farko su ɗauki lambar Romawa, babi na ɗaya kuma ya fara daga 1. Da na canza ɗaya sai duka su canza. Jerin abubuwan da ke ciki ma da hannu na buga, ina ƙara zane a babi na uku lambobin suka goce. Jibi zan kai wa malamina, hankalina ya tashi.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Je ƙarshen shafin da ke kafin babi na ɗaya, ka danna Layout, Breaks, sannan Next Page. Takardar ta rabu biyu ke nan. A kowane ɓangare ka shiga Format Page Numbers: na farko ka zaɓi i, ii, iii, na biyu ka sa Start at 1.

Amsa ta biyu:
Jerin nan kuwa ka daina buga shi da hannu. Ni ma na sha wannan wahalar, kwana biyu ina ƙirga shafuka. Kowane kan babi ka ba shi Heading 1, ƙananan kanu Heading 2, sai References, Table of Contents. Zane kuma ka raɗa masa suna da Insert Caption. In ka ƙara wani abu, Ctrl+A sannan F9, lambobin za su gyaru.

Amsa ta uku:
Ka mai da shi PDF kafin ka kai shagon bugawa, kwamfutarsu na iya sauya maka tsari.