Yadda Ake Cire Tabo Daga Takardar Adon Bango

A wata tattaunawa da aka yi kan cire tabo daga takardar adon bango, abin da mahalarta suka fi nanatawa shi ne a fara gane irin takardar kafin a taɓa ta da ruwa. Mai rufin roba tana jure gogewa da soso mai laushi da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, amma zallar takarda jiƙewa take yi ta yage, don haka sai a gwada a wani lungu, kamar bayan kujera, a ga ko launin zai zuba.

Tabon maiko ne ya fi ɗaukar lokaci. Wasu sun ce a ɗora takarda mai tsotse mai a kansa, a bi ta da dutsen guga mai ɗan ɗumi, wasu kuma sun fi son a shafa hoda ko garin masara, a bar shi ya kwana, sannan a kakkaɓe. A ganina, hanya ta biyu ta fi aminci ga mai gudun ƙona bangonsa.

Zanen fensirin yara magogin fensir ya ishe shi. Game da baƙin tabon danshi kuwa, kowa ya yarda cewa sai an toshe inda ruwa ke yoyo, in ba haka ba zai dawo.