Me Za Mu Kira Maganin da Ake Ɗigawa Bayan Aikin Yanar Ido?

'Yan'uwa ma'aikatan ido da malaman Hausa, ga zaren da na yi alkawari. Ni malamar jinya ce a sashen ido a nan Birnin Kebbi, kuma akwai kalmar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: anti-inflammatory ɗin nan da ke rubuce a jikin kwalbar da muke ba wanda aka cire wa yanar ido. Mun saba ce masa "maganin kumburi". Wannan sunan yana cutar da majinyatanmu.

Watan jiya wani dattijo daga wajen Argungu ya dawo kwana 12 bayan aiki, ya ja rawani ya rufe rabin fuska don haske na sukar idon. Ido jawur, hawaye na zuba. Jikansa ya zaro kwalba biyu daga aljihu. Ta kashe ƙwayoyin cuta ta kusa ƙarewa, ɗayar kuwa cike take fal. Na ce, "Baba, me ya hana a ɗiga wannan?" Ya ce, "Ɗiyata, kun ce na kumburi ne. Na shafa, yaro ya duba, ba kumburi ko kaɗan. Mi za ni ɗiga mai?"

Baba bai yi laifi ba. Abin da muka gaya masa shi ya bi.

A wurin Bahaushe kumburi abu ne da ake gani, ake taɓawa: ƙafa ta yi suntum, kunci ya tasa. Abin da ke faruwa a ido bayan aiki ba haka yake ba. An tsaga ido, an fitar da yanar, an saka madubin roba a gurbinta, dole jiki ya tashi tsaye. Fararen ƙwayoyin jini kan tsallako cikin ruwan da ke gaban ido. In likita ya haska da na'ura zai gan su suna shawagi, kamar ƙurar da ke bayyana idan rana ta leƙo ɗaki ta tsagar ƙyaure. Daga waje ba abin da za ka gani. Akwai kuma kumburi na gaske da kan taso can bayan ido, a tsakiyar inda hoto ke sauka, sau da yawa mako 4 zuwa 6 bayan aiki, musamman ga masu ciwon suga. Shi ma madubin ɗaki ba ya nuna shi. Sai dai mutum ya ce ganin da ya washe ya koma dishi-dishi.

A neman sunan da zai maye gurbin "maganin kumburi", wani ɗan'uwa daga Yawuri ya ba da shawarar "maganin raɗaɗi". Ramin ɗaya ne: raɗaɗi kan lafa cikin 'yan kwanaki, a jingine kwalba a daina ɗigawa. Wata malama daga Gusau ta ce "maganin rurewar ciwo". Wannan ya burge ni, amma in aka ce ciwo ya rure, mugunya ce ke faɗo wa mutum a rai, wannan kuwa aikin ɗaya kwalbar ne. "Sanyaya ido" ban ma tsaya kansa ba, don masu kemis sun riga sun laƙa wa kowane ruwan kwalba wannan suna.

Inda na tsaya shi ne ɗigon hucewar ido.

Kowace mace da ta taɓa dama kunu ta san samansa kan yi yana ya huce, alhali cikinsa na ƙona harshe. Da na gwada wa Baba wannan, tun ban rufe baki ba ya ce, "Wato cikin bai huce ba." Shi ke nan. Kalmar ba ta sa mutum neman alama a fuska, kuma tana ɗauke da jira, don ba abin da ke hucewa nan take. Ta kuma sauƙaƙa mini bayanin da ya fi ba ni wuya, wato dalilin da ba a yanke maganin lokaci guda. Galibi akan fara da sau 4 a rana, a riƙa ragewa har mako 4 zuwa 6, gwargwadon yadda likita ya rubuta. Nakan ce musu itacen murhu ake janyewa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗigon nan iri biyu ne, kuma dole sunan ya raba su. Akwai mai sitiroyid, irin su prednisolone da dexamethasone. Prednisolone ɗin nan mai kama da madara sai an girgiza shi sosai, in ba haka ba maganin na kwance a gindin kwalba. Akwai maras sitiroyid, irin su diclofenac, ketorolac da nepafenac, wanda wasu likitoci kan fara tun kafin aiki don kada ƙofar baƙin ido ta tsuke ana tsakiyar aiki.

Mai sitiroyid shi nake tsoro. Ga wasu mutane yakan jawo hawan jinin ido in an daɗe ana ɗigawa, shi ya sa muke nacewa a dawo a auna. Abin da ya fi wannan muni a ƙasar noma irin tamu: lokacin casar shinkafa ƙaiƙayi ya karci idon manomi, maƙwabci ya ce ga ragowar maganin da aka ba Inna, ai mai kyau ne. In fumfuna ta shiga karcin, sitiroyid ƙara mata ƙarfi yake yi, har baƙin idon ya zama gyambo. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ke da kashi 43 cikin 100 na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama. Ke nan aikin zai ta ƙaruwa, kwalaben nan kuma za su ta shiga gidaje.

Ga abin da na fara rubutawa a takardar sallama, ina kuma karanta wa mai rakiya da baki: "Ɗigon hucewar ido mai sitiroyid. Na idon da aka yi wa aiki ne kaɗai. A girgiza. A bar minti 5 tsakaninsa da ɗayan. Kada a daina sai likita ya ce."

Abin da ya rage mini shi ne kalmar sitiroyid kanta. Tsofaffi na jin ta kamar sunan gari. Mutanen Zuru da Ƙauran Namoda, in kuna da yadda kuke faɗa, ku ajiye mini a ƙasa, asibiti na Litinin zan gwada ta.