Wane hedifon ne sautinsa ya fi kusa da na sifika?

Ɗan Anguwar Rogo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. A Jos nake zaune, kuma sana'ata haɗa sauti ce: ina gyara muryoyin wasan kwaikwayo na rediyo da tallace-tallace, da waƙoƙin biki idan sun samu. Da rana ina aiki da ƙananan sifikoki biyu na situdiyo, amma da yake gidan haya ne, bango ɗaya ne tsakanina da maƙwabcina, da an idar da sallar isha'i nake kashe su in koma kan hedifon. Abin da ke damuna shi ne, aikin da na haɗa da dare har na gamsu da shi, idan na kunna shi a sifika da safe sai in ji muryar mawaƙi ta nutse, gangar kuma ta danne komai. Ban da haka, a hedifon ina jin muryar a tsakiyar ƙwaƙwalwata, alhali a sifika tana tsaye ne a gabana. Na tara ɗan kuɗi, kuma ba na so in kashe su a inda ba za su amfane ni ba. Wane irin hedifon ne ya fi kusantar sautin sifika, kuma me ya kamata in duba kafin in saya?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma matsaloli biyu ne a cikinta, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce inda sautin yake tsayawa. Idan ka zauna gaban sifikoki biyu, kowanne a karkace da kimanin digiri 30 daga hancinka, kunnenka na dama yana jin sifikar dama, kuma yana jin ta hagu ma, sai dai tana iso masa a makare da ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, bayan kanka ya tare wani ɓangare na siririn sautin. Sannan sautin yana bugun bango da rufi da tebur ya dawo, yana bugun kafaɗarka da lanƙwasar fatar kunnenka kafin ya shiga ciki. Da waɗannan alamomi ne ƙwaƙwalwa take gane cewa mai magana yana gabanka, da nisan da ke tsakaninku. Hedifon yana kawar da su gaba ɗaya, domin kunnen dama ba ya jin komai sai abin da aka tura dama, na hagu ma haka, shi ya sa ƙwaƙwalwa take rasa inda za ta ajiye muryar, sai ta ajiye ta a cikin kai. Babu hedifon da zai warware wannan shi kaɗai, komai tsadarsa, amma wasu suna rage shi ƙwarai.

Waɗanda suke rage shi su ne masu buɗaɗɗen baya, wato waɗanda bayan kofinsu raga ce, iska tana shiga tana fita. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fitar da irinsu a 1968 da samfurin HD 414. Da yake sautin ba ya taruwa a cikin rufaffen kofi ya dawo wa kunne, sai ka ji fili ya buɗe. Wasu kuma sun ƙara da karkata abin da ke fitar da sautin domin ya fuskanci kunne ta gaba kaɗan, kamar yadda sifika take yi. Haka Sennheiser ya yi wa HD 800 da ya fito a 2009, da HD 560S wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na wancan ba. Kamfanin AKG ma ya taɓa wuce nan da K1000 a 1989, wanda ƙananan sifikoki ne a rataye gefen kai ba tare da sun taɓa kunne ba, amma an daɗe da daina ƙera shi.

Matsala ta biyu, wadda ita ce take ɓata maka aiki, ita ce daidaiton sautin. Yawancin hedifon na kasuwa an yi su ne domin jin daɗi, ba domin faɗin gaskiya ba: wani ya cika kaurin sauti, wato amo mai nauyi irin na babbar ganga, wani ya rage shi, wani ya turo murya gaba fiye da yadda take. Idan naka yana turo murya gaba kuma yana ɓoye ƙarfin ganga, to kai za ka rage muryar ka ƙara gangar, kuma da safe sifika ta nuna maka abin da ka yi. A nan shawarata HD 600 ce, ta Sennheiser, mai buɗaɗɗen baya. Tun 1997 ake ƙera shi, kuma har yau masu haɗa sauti suna dogara da shi saboda yadda yake fitar da muryar ɗan'adam ba ƙari ba ragi. Filinsa ba shi da faɗi sosai, kuma can ƙasan kaurin sauti yana da rauni, amma ga mai aikin murya irinka ban san wanda ya fi shi a kuɗinsa ba. Ka lura cewa nauyin lantarkinsa, wato yadda yake turje wa lantarkin da ke shiga cikinsa, om 300 ne, saboda haka wayar hannu ba za ta tuƙa shi yadda ya kamata ba. Sai ka haɗa shi da akwatin sautin da kake ɗaukar murya da shi, ko ƙaramar amfilifaya ta hedifon.

Mai Shirin Rediyo, Abuja, ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninku, amma ina da ja a wuri ɗaya. Buɗaɗɗen baya yana buƙatar ɗaki shiru, mu kuwa mun san yadda dare yake a unguwanninmu da zarar an ɗauke wuta. Ragar da take barin sauti ya fita ita ce take barin ƙarar janaretan maƙwabci ta shigo, kuma wannan ƙarar tana zaune daidai inda kaurin sauti yake, ta yadda mutum zai riƙa ƙara ganga ba tare da ya sani ba. Haka kuma ba a ɗaukar murya da shi, domin kiɗan da ke fita ta bayansa zai koma cikin makirufo.

Saboda haka, Malam, kada ka raina rufaffen baya idan an daidaita shi da kyau. Akwai binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman na Amurka, suka fitar da sakamakon farko a 2013. Sun auna yadda sautin sifikoki masu kyau a ɗaki mai kyau yake isowa cikin kunne, sannan suka bar masu sauraro su daidaita kauri da siranta yadda ya fi musu daɗi, kuma daga nan aka samo ma'aunin da ake kira da sunan kamfanin. AKG K371 rufaffe ne, an ƙera shi a kan wannan ma'auni, om 32 ne kawai, ko kwamfutar tafi-da-gidanka tana tuƙa shi. Ba zai ba ka faɗin fili ba, amma yawan kauri da siranta da za ka ji a cikinsa yana kusa da abin da sifika za ta ba ka, kuma a ganina wannan ne ainihin ciwon da ka kawo.

Ɗan Anguwar Rogo ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Yaya. Ɗakina yana can ƙuryar gida, kuma ɗaukar murya da rana nake yi da wani tsohon rufaffe da nake da shi, saboda haka zuciyata ta fi karkata ga buɗaɗɗen. To amma Baba, kun ce hedifon ba zai fitar da murya daga cikin kai shi kaɗai ba. Da me ake taimaka masa?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Gaskiya 'yata ta faɗa game da janareta, kuma ka auna wannan da kunnenka a daidai lokacin da kake aiki, kafin ka yanke shawara.

Abin da ake taimaka masa da shi manhaja ce da take ɗiban kaɗan daga sautin hagu ta zuba a dama, ta ɗibi na dama ta zuba a hagu, tare da ɗan jinkiri da rage siranta, wato tana kwaikwayon abin da kai yake yi wa sautin sifika. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya mai suna Benjamin Bauer ya yi bayaninta tun 1961. A yau akwai ta kyauta da sunan bs2b, wadda ake ɗorawa a manhajar sauraro ta foobar2000, akwai kuma na saye da ake sakawa cikin manhajar haɗa sauti, irin su CanOpener da Waves Nx, ita ta biyun har tana iya bin motsin kanka ta kyamara domin sautin ya tsaya wuri ɗaya idan ka juya. A farko za ka ji kamar fili ya ƙuntata, kada ka yi saurin kashewa. Bayan ɗan lokaci za ka lura cewa kunnenka bai gaji ba, kuma kayan kiɗan da ka ajiye gefe sun zauna inda sifika za ta ajiye su. Ka saka ta a ƙarshen layin da sautin yake bi kafin ya fita zuwa hedifon, kuma ka tabbata ka kashe ta kafin ka fitar da aikin, domin taka ce ta sauraro, ba ta mai karɓar aiki ba.

Akwai abu ɗaya da babu manhajar da za ta ba ka, shi ne bugun ganga a ƙirji. Sifika tana motsa iskar ɗaki gaba ɗaya, jiki yana jin ta, hedifon kuwa kunne kaɗai yake taɓawa. Don haka ka riƙa barin hukuncin ƙarshe kan ƙarfin ganga zuwa safiya, ka yi yanke-yanke da share numfashi da daidaita muryoyi da dare, wanda a nan hedifon ya ma fi sifika nuna ƙananan aibobi.

Game da saye, da wuya ka samu waɗannan samfura a shagunan Ahmadu Bello Way ko Terminus, sai dai ka bincika a Abuja ko Legas, ko ka yi oda daga dillalin da zai ba ka rasit da damar mayarwa, domin jabun sanannun samfura suna yawo. Idan na hannu za ka saya, ka duba sosonsa da kyau: idan ya lotse, kunne yana matsowa kusa da abin fitar da sautin, kuma sautin yana canzawa, sai ka lissafa kuɗin sabon soso a cikin cinikin. Ka tafi da aikinka guda biyu ko uku waɗanda ka san yadda suke a sifikarka, ka saurara a madaidaicin ƙarfi, domin duk hedifon da aka ƙure wa murya yakan yi daɗi na ɗan lokaci. Kuma tunda Jos kake, ka tanadi jaka ko akwatin da za ka riƙa rufe shi a lokacin hunturu, saboda ƙurar da take shiga ta ragar tana taruwa a kan fatar da ke fitar da sautin, kuma ba wuri ba ne da ake sa hannu a goge.